Ba a Fafe Gora Ran Tafiya: Jawabi a kan Tafiya da Haƙoran Roba



  

Biron ƙungiya ya nemi mu yi magana yau a kan wani abu da kowa ya san da shi amma ba a cika faɗinshi cikin taro ba, wato haƙoran roba, waɗanda ake ce ma dantiye da faransanci, da yadda mai su zai yi tafiya ya dawo hankali kwance. Mun ga wasu suna murmushi, ba laifi. Mu aikinmu alli da allo ne a lakwal. Abin da za mu faɗa shi ne gargaɗin da likitocin haƙori suke yi ma mutane kullum, mu dai mun jera shi ne bisa hanyoyin da mutanen garin nan suke bi.

Garinmu garin matafiya ne. Da an gama girbi wasu sun tafi cirani. Iyayenmu suna zuwa Yamai ganin ɗiya da jikoki, suna zuwa Maraɗi ko Damagaram asibiti, suna zuwa biki da gaisuwar mutuwa, kuma kowace shekara Allah yana kiran wasunsu Makka. Cikin waɗanga matafiya akwai masu haƙoran roba fiye da yadda muke zato.

1. Kunya ita ce babbar matsala

Babban mutum yana da haƙora 32 in duk sun fito. Kaɗan ne cikinmu za su tsufa da su cif. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda munka fi sani da OMS, ta fitar da rahoto cikin watan Nuwamba na 2022, inda ta ce kusan mutum miliyar 3 da rabi a duniya suna fama da ciwon baki ko na haƙori. Hukumar ta ce kuma cikin waɗanda sunka kai shekara 60 ko fiye, wajen 23 cikin 100 ba su da haƙori ko guda a baki. Kusan tsoho 1 cikin 4 ke nan. Mai giɓi ba shi kaɗai ba ne.

In ido ya rage gani, mutum ya sa tabarau ya fito kasuwa. In ƙafa ta yi rauni, ya riƙe sanda, har a ce ta yi mashi kyau. Alhaji da hajiya su dawo da haƙorin Makka, suna dariya don a gani. Amma haƙoran roba sai a ɓoye su kamar kayan sata, alhali su ne masu taunawa, haƙorin Makka kuwa yawanci ado ne.

A gida ɓoyon ba shi da wuya, mutum yana da ɗakinshi da butarshi da makewayinshi. Hanya ita ke tona asiri. Cikin kar ana zaune kafaɗa da kafaɗa, a masauki ana kwana ɗaki guda, ana ci kwano guda. To nan kunya take fara ɓarna. Wani ya yi kwana uku bai cire su ba har dasashi ya kumbura. Wani ya wuni da yunwa don tsoron su motsa gaban mutane. Wata ta cire su cikin duhu ta naɗe a takarda, da safe mai shara ta kwashe ta zubar. In kun duba, haƙoran ba su yi laifin komi ba, ɓoyon ne ya jawo asara. Magabata sun ce ran wanka ba a ɓoyon cibi.

2. Yadda suke zama cikin baki

Sai mun gane yadda abu yake aiki kafin mu iya kiyaye shi. Haƙoran roba iri biyu ne. Akwai cikakku, na wanda ba shi da haƙori ko ɗaya a sama ko a ƙasa. Akwai na cike giɓi, waɗanda sau da yawa suna da ƴan ƙugiyoyin ƙarfe da ke kama sauran haƙora. Robar da ake yin su da ita sunanta akirilik, kuma tun ƙarshen shekarun 1930 likitoci sunka fara aiki da ita.

Na sama suna manne ma ganda. Kun san yadda kofin shayi yake kama tire in gindinshi ya jiƙe? Haka nan ne, miyau shi ne ruwan da ke riƙe su. In baki ya bushe, riƙon ya saki. Na ƙasa kuwa ba su da faɗin wurin kamawa, bisa dasashi kawai suke zaune, harshe da kumatu suna tallafe da su, shi ya sa sun fi saurin motsi.

Abu na biyu, daga ranar da anka cire haƙori, ƙashin da ke riƙe da shi yana fara raguwa. Raguwar ta fi sauri cikin wata 6 na farko, amma ba ta tsayawa har ƙarshen rai, kuma muƙamuƙin ƙasa ya fi na sama raguwa. Roba kuwa tana nan yadda anka yi ta. Don haka haƙoran da sunka zauna daram shekara 5 da sunka wuce, yau suna iya yin rawa. Likita yana iya ƙara masu roba daga ciki su sake zama, kuma yawanci tsakanin shekara 5 zuwa 10 sai an sake wasu.

Abu na uku, wagga roba tana da maƙiya uku: zafi mai yawa yana lanƙwasa ta, bushewa tana iya sake mata siffa, faɗuwa bisa siminti ko dutse tana fasa ta. Dukansu uku suna jiran matafiyi bisa hanya.

3. Kafin a tashi

Ba a fafe gora ran tafiya. Wanda ya san zai yi doguwar tafiya, ya ga likitan haƙori tun da sauran wata 2. Ana samun su a manyan asibitocin Yamai, Damagaram, Maraɗi da Tawa, da wasu kilinik masu zaman kansu. Ya duba ko akwai tsagewa, ko ƙugiya ta saki, ko wani wuri yana cin dasashi.

Mi ya sa wata 2? Domin sabbin haƙora kamar sabon takalmi suke, har sun fi shi. Makonnin farko miyau yana yawa, magana tana sauyawa, wasu wurare suna yin gyambo, sai an koma wurin likita sau 2 ko 3 yana gogewa kaɗan-kaɗan kafin su zauna. Wanda ya karɓi sabbi ran Litinin ya hau kar ran Laraba, ya ɗauki ciwo ya tafi da shi inda babu mai gyara mashi. Cikin waɗannan makonni mutum ya riƙa karatu da murya ko lissafi a ɗakinshi, harshe zai saba, haruffa irin su s da sh da ts su koma daidai.

Muna jan hankalinku game da masu dasa haƙori a kasuwa ko bakin tasha, waɗanda ke liƙa haƙorin roba jikin na kusa da shi yadda ba ya ciruwa. Abin da ba ya ciruwa ba ya wankuwa. Abinci yana taruwa ƙarƙashinshi, dasashi ya ruɓe, haƙoran kirkin da ke gefe su bi bayan wanda ya faɗi. Araha ba ta ado.

Wanda ya yi sabbi kuma, kada ya jefar da tsofaffin. Ko sun yi sako-sako, sun fi babu ranar da sabbin sunka karye a garin da ba ka san kowa ba.

4. Guzurin haƙora

Ga abin da ya kamata mai haƙoran roba ya haɗa cikin ƴar jaka guda:

a) ƙaramin gwangwanin roba mai murfi da ke rufewa gam, a rubuta suna a kai;
b) buroshi mai taushi, wanda ba a yin wani aiki da shi;
c) guntun sabulu marar turare;
d) ƙyalle mai tsabta ko ƙaramin tawul;
e) gorar ruwan sha;
f) ƴar wuƙa ta yanka abinci, da magogi ga mai cin goro;
g) man liƙa haƙora na farmasi, ga wanda ya saba da shi;
h) tsofaffin haƙora, ga mai su.

Wagga jaka ba ta shiga ƙarƙashin kar wurin kaya, ba ta hawa saman mota. Inda kuɗinka da katin shaidarka suke, nan take zama. Kada kuma a aje gwangwanin gaban direba kusa da gilashi, domin cikin watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a inuwa, wurin nan tanda ne.

Man liƙa yana taimako bisa hanya mai gargada, amma ɗigo 3 ko 4 ƙanana sun isa, bisa haƙora wankakku. In ya tsattsafo ta gefe, ya yi yawa. Wanda sai ya shafa sau da yawa a yini kafin su zauna, likita yake bukata. Wasu irin man suna da sinadarin zinki, kuma yawan haɗiyarshi shekara da shekaru yana iya taɓa jijiyoyi.

5. Cikin mota

Mu ɗauki hanyar da munka fi bi. Daga Maraɗi zuwa Yamai kilomita kamar 660 ne. Kar tana tashi da asuba, ta bi Gidan Runji, Madawa, Galmi, Tsarnawa, Ƙonni, Dogon Dutsi, Dosso, ta kwashe awa 10 ko fiye.

Maganar ruwa ita ce ta farko. Mun san al'adar iyayenmu, tun daren tafiya sun daina shan ruwa don kada su ce ma direba ya tsaya. Ga mai haƙoran roba wanga dabara cuta ce. Mun ce miyau ke riƙe su. In ga ƙishirwa, ga iskar hunturu ko sanyin na'urar kar, baki ya bushe ƙamas, haƙora su fara zamewa suna gurzar dasashi, kafin a kai Dosso gyambo ya fito. A riƙa kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan, ana jiƙa baki. Mota tana tsayawa salla da shingayen bincike, akwai damar kewayawa. Wasu magungunan hawan jini, na mura da na hana amai suna ƙara busar da baki. Kada a bar shan su, ruwa za a ƙara.

Maganar abinci ita ce ta biyu. Ƙarfin tauna da cikakkun haƙoran roba bai kai rabin na haƙoran halitta ba. Duk inda mota ta tsaya kuwa, abin da ake miƙowa ta taga mai tauri ne: kilishi, tsire, aya, rake, goriba, ƙuli-ƙuli, busasshen dabino, cuku, gasasshiyar masara. Alewa da cingam kuma suna mannewa su ɗago haƙoran. Akwai mai taushi da ke riƙe ciki: fura da nono, koko da ƙosai, waina, ɗan wake, dafaffen ƙwai, ayaba, shinkafa da miya, dambun nama, burodi in an tsoma shi cikin shayi.

Wanda ranshi ya biya ma nama, ga dokoki uku. Kada ya gatsa ko ya ja da haƙoran gaba, domin haka ke sa na sama su saki daga baya. Ya yanka ƙanana da wuƙa. Ya raba lomar gefen dama da na hagu, ya tauna tare a hankali. Kilishi a saye shi tsaraba ga yara, ko a daka shi in an sauka. Goro kuma a goga shi, yadda kakanninmu ke yi tun ba a san roba ba.

Ku yi hankali da abu mai zafi da ƙayar kifi. Roba ta rufe ganda, ba ka jin zafin shayi ko tsinin ƙaya sai sun kai maƙogwaro. Bayan cin dambu ko abu mai riɗi, a kurkure baki, domin ƙwaya guda in ta shige ƙarƙashi tana hana sakat kamar tsakuwa cikin takalmi.

Mai jin amai ya cire haƙoranshi tun zuciya ta fara tashi, ya sa cikin gwangwani. Haƙora da yawa sun tafi cikin ledar amai, wasu sun fita ta taga wurin tofar da miyau ko kiran mai talla. In tari ko atishawa ta zo, a rufe baki da hannu, balle bisa kabu-kabu.

Sai barci. Mai ƙaramin haƙorin roba guda ɗaya ko biyu, musamman in ya yi sako-sako, ya cire shi kafin gyangyaɗi ya ɗauke shi. Irinshi ne yake zarcewa maƙogwaro in mota ta faɗa rami.

6. A masauki

Dare na hutun dasashi ne, ko a gida ko a baƙunta. A cire haƙora awa 6 zuwa 8. In ana kwana da su kullum, wata ƙwayar cuta da ake ce ma kandida tana yaɗuwa ƙarƙashinsu, ganda ta yi ja, gefen leɓe ya tsage, kuma masu ciwon suga sun fi kamuwa. Akwai abin da ya fi wannan. A birnin Tokyo na ƙasar Japan an bi tsofaffi 524 masu shekara 85 ko fiye har tsawon shekara 3, anka buga sakamakon a 2015. An samu cewa masu kwana da haƙoran roba sun fi masu cirewa kamuwa da ciwon huhu mai tsanani fiye da ninki 2, domin ƙwayoyin cutar da ke taruwa jikin roba suna bin miyau su gangara huhu cikin barci.

Ga yadda ake wanke su. A tsuguna, a sa kwano mai ruwa ko a shimfiɗa ƙyalle ƙasa, don in sun suɓuce su faɗa wuri mai taushi. Roba mai sabulu tana da santsi kamar tarwaɗa. Kada a wanke su bisa ramin salanga ko bakin rijiya. A goge ciki da waje da buroshi da sabulu, a ɗauraye sosai. Toka, yashi, gawayi, har man goge baki, duk suna kankare roba, su bar ƴan ramukan da datti ke maƙalewa. Ruwan da ke tafasa cikin butar shayi yana lanƙwasa su. Ruwan jabel yana cin ƙugiyoyin ƙarfe. Ruwan da za ka iya sha, shi za ka wanke su da shi, shi kuma za su kwana ciki. Daga nan a goge dasashi, ganda da harshe da ƙyalle mai laushi. Sauran haƙoran halitta a bi su da asuwaki, ko buroshi da man goge baki, domin su ne ginshiƙan da na roba sunka dogara gare su.

A rufe gwangwanin a sa cikin jaka wajen kai. Moɗa buɗaɗɗiya gefen tabarma, da asuba wani ya watsar da ruwanta tsakar gida, ko yara su mai da su abin wasa, ko kare ya tauna. Kalma guda ga mai gida ko uwar gida ta isa ta kare duk wannan. Wa zai rena baƙonshi don ya nemi kwano da ruwa?

Gargaɗi na musamman: a farmasi ana saida wasu ƙwayoyi da ake jefawa cikin ruwa su yi kumfa, don jiƙa haƙora. Sun yi kama ƙwarai da maganin ciwon kai ko bitamin mai kumfa. Ba a shan su, ba a kurkure baki da ruwansu, kuma sai an ɗauraye haƙoran kafin a mai da su baki. Wanda bai iya karatu ba, ɗanshi ya raba mashi su da magunguna, leda dabam-dabam.

7. Ga maniyyata

Daga filin jirgin sama na Diori Hamani a Yamai zuwa ƙasa mai tsarki, jirgi yana yin kamar awa 5 zuwa 6, kuma iskar cikin jirgi busasshiya ce ƙwarai. A nemi ruwa wurin ma'aikata, aikinsu ne. A mafi yawan filayen jirgi ba a barin abu mai ruwa ko mai maiƙo da ya wuce mililita 100 cikin jakar hannu. Don haka a ɗauki ƙaramin man liƙa, a zubar da ruwan gwangwani kafin bincike, wuƙa kuma ta koma cikin babban kaya. Haƙoran su zauna cikin baki, ba a cire su wurin bincike, kuma ƴan ƙugiyoyinsu yawanci ba su sa na'ura kuka.

Zafin can ba wasa ba ne. A Hajjin 2024, cikin watan Yuni, ya kai digiri 51,8 a Makka, kuma hukumomin Saudiyya sun ce mahajjata 1.301 sunka rasu, mafi yawa saboda zafi da doguwar tafiya a ƙasa. Bushewar baki ga mai haƙoran roba ƙararrawa ce, in sun fara motsi jiki ne ke neman ruwa.

Haramin maza ba shi da aljihu. Wanda ya ƙulle haƙoranshi a bakin mayafi a Mina ko Muzdalifa, cikin turmutsitsin mutane, ya yi bankwana da su. Gwangwanin ya shiga ƴar jakar wuya ko ta ɗamara. Sabulu marar turare da munka ambata, nan zai yi amfani biyu, tunda mai harami ba ya taɓa ƙamshi. Makewayi a Mina layi ne mai tsawo, gara a wanke su gefen tanti da gorar ruwa bisa ƙyalle.

Wasu suna tambaya ko sai an cire su kowace alwala. Liman yana nan, zai ƙara mana bayani, amma abin da munka karanta cikin Ahalari da Ishmawi shi ne, a mazhabarmu ta Malikiyya kurkurar baki sunna ce cikin alwala, ba ta cikin farillai. Ta fannin lafiya kuwa, kowace alwala dama ce ta ɗauraye baki da haƙora.

8. In wani abu ya faru

In sun karye, a tattara guntayen duka, har ɗan ƙarami, a sa cikin gwangwani. Sau da yawa likita yana iya haɗa su. Kada a liƙa da sufagulu ko gam ɗin gyaran takalmi. Yana ƙona baki, kuma in an haɗa su a karkace, gyara ya gagara. Kada a sa karyayyu cikin baki.

In wani wuri yana cin dasashi, kada a kankare shi da reza ko wuƙa. A cire su a huta, a riƙa kurkure baki da ruwan ɗumi mai rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin kofi guda. Ranar ganin likita a sa su na ƴan awoyi kafin a je, don ya ga daidai wurin da ke gurza. Gyambon baki da ya wuce mako 2 zuwa 3 bai warke ba, ko da ba ya zafi, sai likita ya gani, balle ga mai cin taba ko shan sigari, domin sankarar baki haka take farawa.

In an haɗiye ƙaramin haƙori, ko ya maƙale a wuya, ko tari ya sarƙe mutum, a nufi asibiti mafi kusa nan take. Kada a tura shi da lomar tuwo.

Abin da ya fi kowanne muhimmanci shi ne, duk mai haƙoran roba ya faɗa ma mutum guda cikin abokan tafiya. In anka yi hatsari, Allah ya kiyaye, ko mutum ya suma, haƙoran da sunka saki ko sunka karye suna iya toshe hanyar numfashi. Abokin da ya sani zai duba ya cire su, ya kuma gaya ma majo ko likita. Haka nan wanda za a yi ma aiki a asibiti, ya faɗa kafin a sa shi barci. A nan ɓoyo yana iya cin rai.

9. Abin da ya rage gare mu

Samari da ƴan mata, da ku muke yanzu. Tsoho ba ya ɓoye haƙoranshi don tsoron tsaranshi, dariyarku yake gudu. Wasan jika da kaka al'adarmu ce mai daɗi, amma in wasa ya sa kaka ta kwana da roba a baki har ta yi ciwo, ya daina zama wasa. In kun raka su tafiya, ku riƙe masu jaka, ku sayo abinci mai taushi ba tare da sun roƙa ba, ku miƙa masu ruwa, in dare ya yi ku kawo kwano ku ba su wuri. Mu ma a lakwal za mu sa wanga magana cikin darasin tsabta, domin yaron da ya kula da haƙoranshi yau zai daɗe bai nemi na roba ba, kuma ba zai yi ma mai su dariya ba.

Muna ba biron ƙungiya shawara uku. Ta farko, kowace shekara, wata 2 kafin tashin maniyyata, a haɗa masu bukata a ɗauki mota guda a kai su wurin likitan haƙori. Ta biyu, a sayi ƴan gwangwanaye da buroshi daga asusu, a aje wurin ma'aji da wurin shugabar mata, mai so ya je ya karɓa. Ta uku, ƴan garinmu mazauna Yamai, Maraɗi da Damagaram su binciko mana ranakun da likitocin haƙori ke ganin mutane, a buga cikin wagga takarda tamu.

Iyayenmu, kun tauna mana tun ba mu da haƙori ko ɗaya. Ba abin kunya ba ne yau ku nemi kwano da ruwa gabanmu. Ku shirya tun da wuri, ku sha ruwa, ku cire su da dare, ku faɗa ma abokin tafiya.

Allah ya kiyaye hanya. Masu niyyar Makka Allah ya karɓi ibada, masu cirani Allah ya ba da sa'a, ya kai ku lafiya ya maido mana ku lafiya. Wanda ke da tambaya, fili nashi ne.